Mai Oba-oba na Tungar Sallau

Tsakanin Yelwa da Wara, a ƙasar Yawuri, idan ka bar kwalta ka gangara wajen tafki, akwai wani ƙauyen masunta da ake kira Tungar Sallau. A kan tudun da ke bayan ƙauyen akwai wani dogon fili miƙaƙƙe, wanda yanzu dawa ake nomawa a cikinsa. A da filin saukar ƙaramin jirgin sama ne, mai kula da shi kuma wani mutum ne da ake kira Andrew Tamada.

Tamada Bagunge ne. An haife shi a wani tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, tsibirin da ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogin a Kainji. Yana yaro ya ɗan taɓa makarantar mishan, ya tsinci Turancin da ya ishe shi gaisuwa da karanta lamba, sannan ya koma kamun kifi tare da mahaifinsa. Da ruwa ya kore su, aka ba shi ɗaki a cikin gidajen simintin da aka gina wa mutanen tsibirai, ya tare da matarsa Ladidi da 'yarsu guda, Susan. Danginsa kuwa aka warwatsa su, wasu can tsallaken tafki, wasu wajen Shanga. Ladidi ba ta ga girman 'yarta ba. Zazzaɓi ya ɗauke ta wata damina, ya bar Tamada da yarinya da tukunyar da bai iya ɗorawa ba. A hankali ya koya. Bai sake aure ba.

Jan-baki ne suka kawo masa aikin jirgi. Shekarun nan tsuntsayen sun addabi masu shinkafa, sukan taso kamar hadari su sauka a gona, kafin mutum ya rugo daga gida sun gama da ita. Sai aka ɗauko wani kamfanin feshi mai ƙaramin jirgi ruwan ɗorawa, aka share tudun Tungar Sallau domin ya riƙa sauka. Ana neman wanda zai kori shanu daga fili, ya cike ramukan gara, ya kuma iya riƙe oba-oba ya gaya wa matuƙi ta inda iska ke busowa. Mai gari ya nuna Tamada. Aka gina masa ɗakin kwano a gefen fili, aka kafa dogon ƙarfe mai eriya a kansa, aka ajiye masa akwatin oba-oba da batirin mota.

Matuƙin jirgin wani saurayi ne Bazazzage, dogo, mai yawan dariya, ana ce masa Kyaftin Sa'idu. Tun ranar farko ya ajiye Turanci.

"Baba Tamada, mu biyu ne kaɗai a layin nan," in ji shi. "Yi mini Hausarka kawai. Ka ce fili lafiya, ko ka ce akwai saniya. Shi ke nan."

Da la'asar sakaliya ake fita feshi, lokacin da tsuntsaye ke komawa makwancinsu cikin ciyayin bakin ruwa. Wani yammaci, cikin makon farko, suna magana Kyaftin yana cewa ya hango su, zai sauko ƙasa-ƙasa, sai muryarsa ta yanke a tsakiyar kalma. Tamada ya kira, shiru. Ya sake kira, ba abin da ke fitowa sai shuuu. Ya yar da abin maganar ya ruga cikin ƙauye yana kururuwa jirgi ya faɗa ruwa. Masunta suka kwance kwalekwale, mata suka fito da hannu a ka. Ana cikin haka sai ga jirgin ya ɓullo ta bayan Dutsen Kura, ya yi shawagi, ya sauka abinsa.

Da Kyaftin ya ji abin da ya faru, ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma da ya dubi fuskar Tamada ya ga hawaye, sai ya bar dariyar. Ya kama hannunsa ya kai shi gindin ƙarfen eriya.

"Baba, dubi can. Kana ganin bakin ruwan da ke bayan dutsen nan?"

"A'a. Dutse ya tare."

"To haka maganar akwatin nan take. Ba kamar rediyon da kake jin labaran Ingila ba ce, mai zagayo duniya. Wannan miƙe take tafiya, kamar ido. Inda eriyar nan za ta iya hango ni, za ka ji ni. Na shiga bayan dutse ko na sauko kusa da ruwa can nesa, sai ka rasa ni. In na yi sama sosai kuwa, ko ina kan Kontagora za mu yi hira."

"Ke nan in na ji shiru, ba mutuwa ba ta?"

"Ba mutuwa ba ce. Jira kawai za ka yi."

Shekaru da dama suka yi haka. Duk lokacin da shinkafa ta fara nuna, jirgi zai zo ya yi 'yan makonni. Kyaftin yana son soyayyen kifin karfasa da yaji, Susan ce ke soya masa. Yakan yi sallarsa a inuwar fiffiken jirgi, Tamada na gefe yana kore masa awaki. Ranar Lahadi kuma in babu aiki, yakan ce wa Tamada ya tafi cocinsa, shi zai tsare fili.

A shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, aikin ya tsaya. An yi murna a Yelwa, an yi kiɗa, Tamada ma ya je kallo. Amma yarjejeniyar kamfanin ta ƙare tare da tsohuwar jiha, ba a kuma sabunta ta ba. Kyaftin ya zo ya kwashe sauran kayansa. Oba-obar kuwa aka ce za a turo mota ta ɗauka.

"Kafin su zo, ka riƙa kunnawa da hantsi," in ji Kyaftin, ƙafarsa ɗaya a kan matakalar jirgi. "Ina neman aiki wajen masu manyan jirage. In Allah ya sa hanyata ta biyo ta nan, zan murɗo layinmu in gaishe ka. Amma ka ji, sauran layukan na aiki ne. Ka saurara in kana so, kada ka taɓa sa baki."

Motar ba ta zo ba. Cikin ranin nan kuma Susan ta yi aure, ta bi mijinta Elijah, mai gyaran injin jirgin ruwa, zuwa Wara. Ta roƙi mahaifinta ya biyo su.

"Baba, mi za ka zauna yi nan kai ɗai? Jirgi ya tahi."

"Amana anka bar min," in ji shi. "In sunka zo ɗaukar kayansu ba su iske kowa ba fa?"

Sai ya kwashe tabarmarsa da tukunyarsa ya koma ɗakin kwanon gaba ɗaya. Yana noma 'yar gonarsa a gefen fili, yana jefa ƙugiya da yamma. Bai daina cike ramukan gara ba. In batir ya yi sanyi, ya ɗaura shi a bayan keke ya tura har Yelwa, shagon Mainasara mai gyaran rediyo, ya zauna a benci har ya cika, ya juyo. Mutanen ƙauye tun suna hawowa tudu su taya shi hira har suka gaji, domin da hantsi ya yi ba ya sauraron kowa.

Abin da yake saurare shi ne manyan jiragen da ke ratsawa can ƙololuwa, waɗanda ba a ganin komai nasu sai farin zare a sararin sama. Ya gano layin da suke magana. Murya za ta fito tar, ta faɗi sunan jirgi da lambobi, ta yi tambaya, sai shiru, sannan ta ce na gode. Wani lokaci matuƙi ya yi dariya ga wata magana da Tamada bai ji ba.

Mutum ɗaya ne ke zama da shi, shi ma da rani kawai: Bappa, wani Bafulatani sa'ansa da ke sauko da shanunsa bakin tafki. A da Tamada korarsa yake yi daga fili. Yanzu da babu jirgi, sai ya zama yana jiran zuwansa. Wata rana Bappa ya kasa kunne ya daɗe, sannan ya ce, "Wai wanga mutum da wa yake zance? Shi ka tambaya, shi ka godiya."

"Da na ƙasa, masu hasumiya, can Ikko ko Kano."

"To don mi ba mu jin su?"

"Su ƙasa suke kamar mu, duwatsu da nisa sun tare. Na sama ɗai muka iya ji."

Bappa ya jinjina kai. "Kai kau ba ka gajiya da rabin zance?"

Tamada ya murɗa akwatin ya koma tsohon layinsu, inda babu komai sai shuuu. Haka yake yi kullum: ya ɗan saurari baƙi, ya koma ya jira.

Sai da damina ta zagayo ta wuce, wani rani ya shigo, sannan wata Talata da hantsi akwatin ya yi ƙara.

"Tungar Sallau, Tungar Sallau. Baba Tamada, kana ji?"

Yana fere rogo a bakin ƙofa. Wuƙar ta faɗi. Ya rarrafa ya damƙo abin magana.

"Kyaftin! Fili lahiya! Babu saniya!"

Dariyar nan ta cika ɗakin. Kyaftin ya ce ya samu aiki, yanzu mataimakin matuƙi ne a babban jirgi mai zuwa Sakkwato daga Ikko, Talata da Juma'a. Ya tambayi Susan, ya tambayi tafki, ya ce har yau bai ci karfasa irin ta Tungar Sallau ba. Ba su daɗe ba ya ce aiki na kiransa. Tamada ya fito waje ya ɗaga kai, ya ga farin zaren ya nufi arewa. Ranar har cikin ƙauye ya sauka yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da ya yi a tudun nan. Talata da Juma'a yakan yi wanka da sassafe, ya sa rigar zuwa coci, ya zauna gaban akwati. Tun ana sauran kwana yake tanadin abin da zai faɗa: an kama giwan ruwa da sai da mutum biyu suka ɗauka, Susan ta haihu an sa wa yarinya Mariya, albasa ta yi kyau bana. Gaisuwa ce ta ɗan lokaci, wani sa'in ma Kyaftin ya ce "Baba, yau sauri muke, sai Juma'a," amma takan riƙe shi har kwana uku.

Ruwan farko na daminar da ta biyo ya zo da tsawa. Aradu ta faɗa kusa da ƙarfen eriya, ɗakin ya cika da warin ƙuna. Da gari ya waye ya kunna akwatin, ya ji matuƙa suna magana kamar kullum, ya yi ajiyar zuciya. Sai ranar Juma'a ya gane ɓarnar.

"Baba Tamada, ina kwana?"

"Lahiya lau, Kyaftin, mun sha ruwa..."

"Baba Tamada? Tungar Sallau, kana ji?"

Ya danna abin maganar da ƙarfi, ya ɗaga murya. Kyaftin ya sake kira, ya jira, sannan ya ce, "Wataƙila ka tafi gona. Sai Talata."

Akwatin yana ji, amma ba ya kai magana. Tamada ya ɗaure shi a keke ya kai wa Mainasara. Mainasara ya kwance, ya duba, ya nuna masa wani ɗan abu da ya ƙone ƙurmus.

"Baba, wanga shi ka tura murya. Babu irinai Yelwa. Sai dai in sa 'yan kasuwa masu zuwa kudu su duba muna."

Tamada ya ƙi barin akwatin a shago. Ya koma da shi, don ko ba komai ya ji. Talata Kyaftin ya kira. Juma'a ya kira. Tamada yana zaune yana amsa kowace gaisuwa da bakinsa, a ɗaki shi kaɗai. Ya shimfiɗa farin zanen gado a tsakiyar fili ya danne da duwatsu. Ya tara ɗanyar ciyawa ya yi hayaƙi. Ya ari madubi a ƙauye yana haska sama. Ya san daga inda jirgin yake tafkin ma bai fi tabarma ba, amma ya kasa zama haka nan.

Kiran ya fara raguwa. Wani mako a kira, wani mako shiru. Wata Talata, wajen kaka, muryar ta zo a sanyaye.

"Baba Tamada, Sa'idu ne. Na yi ta kira ban ji ka ba. In ka koma wajen Susan ne, Allah ya ba ka lafiya, ka huta. In kuma ta Allah ce ta kasance..." Sannan ya ce, "Na gode da abin da ka yi mini. Na bar layin nan."

Tamada ya yi ta kiran sunansa har muryarsa ta dushe. Ranar bai hura wuta ba. Ya yi kwanaki bai sauka ƙauye ba, sai da matar mai gari ta aiko a duba ko lafiya.

Rani ya yi nisa kafin Mainasara ya aiko masa. Ba a samu ainihin abin ba, amma ya ciro makamancinsa daga wata tsohuwar oba-obar jirgin ruwa, ya yi dabara ya haɗa.

"Ba ta da ƙarhi kamar da," in ji shi. "Ga ƙasa ko kasuwar kihi ba ta kaiwa. Amma sama babu abin da ya tare. In jirgi na bisa kanka, wataƙila shi ji."

Tamada ya yanke shawarar hawa Dutsen Kura, inda babu bishiya ko tudun da zai shiga tsakani. Bappa ya ba shi aron jaki, suka ɗora batir da akwati, suka ɗaure eriya a gora. Talata da Juma'a suna hawa. Jirgi zai ratsa, Tamada ya kira a tsohon layi, ba mai amsawa, domin babu wanda ke murɗo shi kuma. Bappa yana zaune kan dutse yana kallon shanunsa a ƙasa.

Ranar wata Juma'a, bayan ya kira ya gaji, Tamada ya daɗe yana kallon akwatin. Bai taɓa karya maganar Kyaftin ba. Ya murɗa zuwa layin aiki, ya jira har matuƙin da ke magana ya gama, ya danna. Da guntun Turancinsa ya ce Tamada na Yawuri yana raye, don Allah a gaya wa Kyaftin Sa'idu.

Wata murya ta daka masa tsawa da Turanci, ta ce wane ne wannan, ya sauka daga layi. Sai wata muryar dabam ta shigo, da Hausa, ƙasa-ƙasa:

"Baba, na ji. Na san shi, zan faɗa masa. Sauka yanzu."

Ya kashe akwatin. Bappa ya ce, "Mi sunka ce?"

"Sun ji ni," in ji Tamada.

Suka ci gaba da hawa. Shanun Bappa sun kusa tashi arewa lokacin da kiran ya zo.

"Tungar Sallau! Baba Tamada!"

"Ga ni, Kyaftin! Ga ni!"

"Ƙara ɗaga murya, da ƙyar nake jin ka. Baba, ashe kana nan! Wallahi har sadaka na yi maka."

"Aradu ta ƙone min akwati. Duk kiran da kay yi ina ji. Har ban kwanan da kay yi min, ina zaune."

Da Kyaftin ya sake magana, muryarsa ta sauya. Ya ce an mayar da shi hanyar gabas tun bara, yau ma roƙo ya yi aka ba shi wannan tafiya don kawai ya kira. Ba ya jin zai sake biyowa ta nan.

"Baba, ka koma wajen Susan. Babu mai zuwa ɗaukar akwatin nan, kamfanin ma ya rufe. Ka ji ni? Ka yi mini alkawari."

"Na ji. Na yi."

"In na samu hutu zan zo ta mota. Ka ce wa Susan..."

Tamada ya ba shi amsa, ya fara ba shi labarin Mariya ta soma tafiya, amma jirgin ya riga ya gota. Ya ji Kyaftin yana cewa, "Baba, na daina jin ka. Ni dai ina fata kana ji na. Allah ya sada mu da alheri." Daga nan sai lambobin wasu.

Kafin ruwa ya sauka Elijah ya zo da jirgin ruwa ya kwashe shi. Akwatin ya bar wa Mainasara ajiya, ko da wani zai zo nema. A Wara aka ba shi ɗaki kusa da mashigin jirage, yana gyaran komar kamun kifi, yana goyon Mariya in uwarta ta tafi kasuwa. Mutane da yawa a gidan, ana kula da shi, amma ba ya yawan magana. In an yi sallama da baƙon mota a unguwa yakan leƙo ya ga ko wane ne.

Kyaftin bai samu zuwa ba. Tamada ya yi damina uku a Wara, ƙafafunsa suka kumbura, ya kwanta, ya rasu wata Asabar da rana tsaka, Susan na riƙe da hannunsa. Aka binne shi a bayan cocinsu. Bappa ya ji labari a kasuwar Yelwa, ya yi tattaki har Wara da ƙwaryar nono ya yi gaisuwa. Susan ta so a sanar da Kyaftin Sa'idu, ta tambayi Elijah, ta tambayi Mainasara, amma babu wanda ya san cikakken sunansa ko garin da yake zaune.